Malama Yagana da Maganin Fumfunar da Ta Hana Mu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin wata Talata ina tsaye a ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a, ina wanke kwalabe da ruwan jarka domin famfon ya daɗe da ƙafewa, sai wayata ta yi ƙara. Fanna ce, babbar 'yar malamata. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Anti Hadiza, Mama ta cika." Na ce, "Wace Maman?" kamar tana da wata. Ta fashe da kuka, wayar ta katse. Na ajiye kwalbar da ke hannuna, na zauna a kan kujerar ƙarfe, na yi ta maimaita salati. Amma abin da ya fara taso mini bayan salatin ba hawaye ba ne. Haushi ne. Haushin matar da na yi ta roƙo ta je asibiti tana ce mini sai ta gama abin da ta ɗora. Hawayen sai a cikin bas, a hanyar ƙauyensu, mun wuce Dawanau, suka zo.

Dokta Yagana ita ta koyar da ni ilimin sinadarai, ita ta duba aikin digirina na biyu da na uku, daga baya muka zama abokan aiki a sashe ɗaya, ko da yake har ta koma ga Allah ban taɓa iya kiran ta da wani suna ba sai Malama. 'Yar wani ƙauye ce a gefen Makoɗa. Kakanninta daga Borno suka zo tun da daɗewa, suka kama noman gero da gyaɗa, har ba abin da ya rage musu na can sai sunaye da son turaren wuta. Ni kuwa 'yar Tofa ce, mahaifina manomi ne, shi ya sa tun ranar farko da ta tambayi garinmu ta ce, "To, kin san warin gyaɗar da ta sha ruwa a buhu. Zo ki zauna gaba."

Aikinta shi ne haɗa sababbin sinadarai masu siffar zobe, ta gwada ko za su iya kashe wata cuta. Mutane da yawa sun tambaye ni a wajen zaman makoki abin da take yi takamaimai, don haka bari in faɗa yadda ita take faɗa wa sababbin ɗalibai. Takan ce mu ɗauka mutum biyar sun zagaye akushin tuwo. Idan dukkansu 'yan gida ne, wato kabon, cin tuwon ba ya da wani labari. Amma idan uku 'yan gida ne, biyu baƙi, ɗaya naitirojin ɗaya farar wuta, to zaman ya canza, hira ta canza. Da yawa daga magungunan da ke kantin magani irin wannan zoben ne mai baƙi a ciki. Aikinmu mu ƙulla zoben, mu liƙa masa wani abu a wannan gefe ko wancan, mu ga wanne ne zai hana fumfuna tsiro. Fumfunar gyaɗa ta sa a gaba, wadda ke barin dafi a ƙwaya, dafin da ke cin hantar mutum a hankali ba tare da ya sani ba.

Ban taɓa aiki da mutum mai wahalar gamsarwa kamarta ba. Sai ka kwashe makonni kana dafa abu, kana tacewa, kana busarwa, ka samu ɗan gari mai ƙyalli a gindin kwalba, ka kai mata da rawar jiki. Ta ɗaga shi sama ta duba ta taga, ta ce, "Sake yi." Ka ce ai ya fito. Ta ce, "Wa ya gani ban da kai?" Na taɓa rubuta a aikina cewa wani sinadari "yana maganin" fumfuna. Ta zagaye kalmar da jan biro har takardar ta huje. Ta ce, "Hadiza, a farantin gwaji ya hana ta tsiro. Faranti ba ciki ba ne. Rubuta abin da idonki ya gani." Na fita daga ofishinta ranar ina rantsuwa a zuci cewa zan nemi a sauya mini malami. Da yamma sai ga ta a ɗakin kwananmu na ɗalibai da kwanon dambu, ta zauna a bakin gadona muka gyara shafin tare. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Sai shekarun wahala suka shigo. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a lokacin ya san abin da nake nufi. Wuta ta zama baƙuwa, man janareta ya fi ƙarfin sashe, kayan haɗin da ake sayowa daga waje suka yi tsadar da ko tambayar farashinsu mun daina. Na'urar da ke nuna mana ainihin tsarin abin da muka haɗa ta lalace, aka lulluɓe ta da tamfol, aka ce ana jiran injiniya. Har yau ana jiran sa. Abokan aikinta da dama suka tafi ƙasashen waje, kuma ban ga laifinsu ba. Ita ma an neme ta. Na ce, "Malama, ki tafi mana, ko don ki gama aikin nan a inda akwai wuta." Ta ce, "Fumfunar tana can ne?" Ta ci gaba da goge tebur. Wallahi har yanzu idan na tuna amsar nan sai raina ya ɓaci, domin can ma akwai fumfuna, kuma can akwai likitocin ƙoda.

A cikin wannan hali muka haɗa wani sinadari, gari ne rawaya. Ita lamba ta ba shi kamar sauran, mu ɗalibai muka sa masa Ɗorawa saboda launinsa. Ta tsani sunan. Ta ce, "Wata rana wani zai ji sunan ya lasa." Kafin mu gwada shi yadda ya kamata aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe ɗakunan gwaji, albashi ya tsaya. Malama ta kwashe 'yan kwalabenta da farantan gilashi ta koma ƙauye wajen mahaifiyarta, Inna, ta bar maigidanta da yara a birni tana zuwa musu ƙarshen mako. Ta aiko mini cewa idan ba abin da nake yi a Tofa ban da tsinke zogale, in zo.

Na je. Wani ɗaki da marigayi mahaifinta yake ajiye kayan noma ta share, ta shafe shi da farar ƙasa. Ba ta haɗa sabon abu a can ba, ta ce ba za ta dafa guba a gidan da yara ke rarrafe ba. Gwaji kawai muke yi. Tukunyar nan mai murfin kulle da ake dafa ganda a ciki, da ita muke tsabtace kayan aiki. Da dankali muke dafa abincin da fumfuna ke tsiro a kai. Kwalaben da ke son sanyi a cikin tukunyar ƙasa muke sa su, a saka ta cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Inna takan leƙo ta taga ta ce, "Yagana, duk bokon nan da kika yi, ƙarshensa kiwon ruɓaɓɓen abu?" Malama ta ce, "Shi ne, Inna." Inna ta ce, "Allah Ya kyauta," ta tafi.

A ɗakin nan muka ga abin da Ɗorawa ke yi. Ana ɗiga shi a 'yar takarda, a ɗora a tsakiyar faranti. Bayan kwanaki fumfuna ta cika farantin, kore shar, amma kewayen takardar fes, kamar an share da tsintsiya. Ban taɓa ganin fili mai faɗin wannan ba a duk gwajin da muka yi. Na yi guɗa. Ni da ban iya guɗa ba. Malama ta ɗauko rula ta auna, ta rubuta, ta ce, "Sake yi." Muka sake, ya sake fitowa. Muka kuma sakewa. Ranar nan na ga ta yi murmushi, amma ta juya baya don kar in gani.

Guɗar da na yi ita ta jawo magana, domin matan gidan sun ji, kuma abin da matan gida suka ji da safe ya isa bakin masallaci kafin azahar. Aka ce Dokta ta gano maganin ruɓewar gyaɗa.

A kakar shekarar aka yi ruwan da ba a zata ba. Mutane sun tuge gyaɗa sun baza a gona, sai sama ta ɓalle, ta ƙi ɗaukewa. Gyaɗa ta sha ruwa, aka kwashe ta da damshi aka zuba a buhuna. Wanda ya fi kowa shuka ta a gidan shi ne yayanta, Alhaji Bukar, wanda shi ya riƙe ta a makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Da gyaɗar ya yi niyyar ciyar da gida mai mutum da yawa har wata damina, a shekarar da taki ya gagari kowa. Ya shigo ɗakin gwajin da la'asar, ko takalmi bai cire ba, ina zaune.

Ya ce, "Yagana, an ce kina da abin da ke kashe fumfuna."

Ta ce, "A faranti, Yaya."

Ya ce, "To ki ba ni in barbaɗa a buhu. Buhu ai babban faranti ne."

Ta ce, "Ban san abin da zai yi wa wanda ya ci gyaɗar ba. Ko ɓera ɗaya ban gwada a kansa ba."

Ya ce, "Ɓeraye ne babu a garin nan? In kamo miki kwando guda yanzu."

Ta yi masa bayani cewa ba irin waɗannan ɓerayen ba, kuma gwajin yana son wata da watanni da kayan da ba ta da su, kuma abin da ke hannunta duka bai cika cokalin shayi ba. Ya ce to ta haɗa da yawa. Ta ce ko da tana da buhu guda ba za ta bayar ba. Ya tsaya yana kallon ta. Ya ce, "Na sayar da saniya na kai ki makaranta. Yau gyaɗata na ruɓewa, maganin na hannunki, kina ce mini ɓera." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Jikokinka ne za su sha kunun."

Da ya fita na ce mata, "Malama, ko ɗan kaɗan, a kan wadda za a ajiye don iri, ba ta ci ba?" Ta ce, "A shekarar yunwa kin taɓa ganin irin da ba a ci ba?" Duk da haka ban huce ba. Mahaifina ma yana da gyaɗa a buhu a Tofa, kuma abin da ke ransa na san shi.

Bayan kwana biyu wani ɗan kasuwa mai sayar da maganin feshi ya zo da mota daga birni. Ya ji labari. Ya ce ta ba shi yadda ake haɗawa, shi zai zuba a leda ya sa hotonta a jiki. Ta bar shi ya gama, ta sa aka kawo masa ruwa ya sha, sannan ta ce ya gaida gida.

Abin da ta yi a maimako shi ya fi ƙona wa mutane rai. Ta sa hijabi ta shiga gida gida tana cewa a zazzage buhuna, a baza gyaɗa a kan tamfol ko tabarma ba a ƙasa ba, a bar ta sai an girgiza kwanso an ji ƙwaya na ƙara, a tsince wadda ta yi baƙi ko kore a ƙone, kar a ba kaji, kar a sayar wa masu ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwa ta ce mata a gabana, "Dokta, sai da kika je jami'a kika gano ana shanya gyaɗa a rana?" Masu ƙuli-ƙuli kuwa, da suka saba sayen tsintacciyar da araha, suka daina gaishe ta a hanya. Wasu sun bi maganarta sun tsira da wani abu. Alhaji Bukar ya yi fushi ya ƙi buɗe buhunansa sai da lokaci ya ƙure. Mafi yawan gyaɗarsa ta tafi. A ranin nan ya sayar da gonarsa ta wajen fadama. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar ƙanwarsa sai da ka.

Zan so in rubuta cewa daga baya an gwada Ɗorawa an ga guba ne, kowa ya gane gaskiyarta. Ko kuma an gwada an ga lafiyayye ne, ya shiga kasuwa da sunanta. Ko ɗaya bai faru ba. Da aka janye yajin aiki ta aika ɗan samfuri wani ɗakin gwaji mai nisa don a tabbatar da tsarinsa. Na farko ya ɓace a hanya. Na biyu ya isa, na'urarsu ta tsaya. Ta rubuta neman tallafin gwaji a kan dabbobi, aka ce ta sake cikewa, ta sake, aka ce an rufe na bana. Har ranar da ta rasu, amsar da take ba duk wanda ya tambaye ta game da garin nan ita ce, "Ban sani ba tukuna." Ban san wani malami mai digiri uku da yake furta wannan kalma da sauƙi kamarta ba.

Hawan jini ya daɗe a jikinta. Ƙafafunta suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma sa silifa zuwa aji. Na yi magana, maigidanta ya yi, Fanna ta yi kuka a gabanta. Kullum akwai dalili. Yau an kawo wuta ba za ta bar ta ta tafi a banza ba. Gobe ɗalibi zai kare aikinsa. Matar da ba ta yarda da sakamako sai an maimaita shi sau da yawa, ita ce ta ƙi zuwa a auna jininta sau ɗaya. Na faɗa mata haka, da kakkausar murya, irin wadda ban taɓa yi mata ba. Ta yi dariya ta ce, "Kin fara zama malama." Da aka kai ta asibiti daga ƙarshe, likita ya ce ƙodar ta riga ta gaji. An yi wankin ƙoda na ɗan lokaci. Kwana ya ƙare. Na san ajali ba ya jira, na yi imani da haka, amma zuciya ba ta daina cewa da ma.

A ƙauyen aka yi mata sutura, kamar yadda ta bar wasiyya. Ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna, wadda take ta jan carbi. Washegari manya suka zo daga birni da motoci. Ana jiyo jawabinsu daga ƙofar gida. Wani ya ce ƙasa ta yi rashin gwarzuwar da ta gano maganin cutar gyaɗa. Wani ya ce za a sa wa ɗakin gwaji sunanta. Ɗakin da famfonsa ba ruwa. Na ji kamar in fita in ce musu ba ta gano ba, kuma da tana raye da ta zagaye maganar nan da jan biro. Ta haɗa sinadarai masu yawa, kaɗan daga ciki sun yi aiki a faranti, ɗaya ya yi fice, kuma ta mutu tana jiran a gyara na'urar da ke ƙarƙashin tamfol. Ban fita ba, ba wurin mace ba ne kuma ba ranar gardama ba ce. Shi ya sa nake rubutawa a nan.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, aka ce Alhaji Bukar yana kira na a zaure. Na same shi ya rame, idanunsa sun yi ja. Na durƙusa na yi masa gaisuwa. Ya amsa. Sannan ya ce ranar da aka kwantar da ita ya je asibiti, ta riƙe hannunsa ta ce ya yafe mata gonar fadama, shi kuma ya ce mata ba abin yafewa, ya fita waje ya yi kuka kamar yaro. Ya share fuska da hannun riga. Sai ya ce, "Malama Hadiza, garin nan yana wajenki yanzu?"

Na ce, "Yana wajena, Baba."

Ya ce, "Bana ma sama ba ta da tabbas."

Na gane abin da yake tambaya. Na dubi dattijon nan da ya rasa gona ya rasa ƙanwa, na ji zuciyata ta karye. Na ce, "Baba, ba zan iya ba. Sai an gwada."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na san haka za ki ce. Ta lalata ki." Ya ɗan yi murmushi, na farko da na gani a gidan tun da na zo. Ya ce, "To ki yi sauri ki gwada. Ni ma ba yaro ba ne."

Ya Allah, ga baiwarKa Yagana ta zo gare Ka. Mun shaida ba ta taɓa sayar wa mutane abin da ba ta tabbatar ba, ko da hakan ya jawo mata fushin 'yan uwanta. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana. Taurin kan da ta yi mana a kan lafiyarta, mun yafe, Kai ma Ka yafe mata. Ka ba Inna haƙurin binne 'yar da ta zata ita za ta binne ta. Ka ba maigidanta juriya, Ka raya Fanna da ƙannenta a kan gaskiya, Ka mayar wa Alhaji Bukar da alherin abin da ya rasa. Mu ɗalibanta kuma Ka ba mu ikon ƙarasa abin da ta fara tun masu jiran sa suna raye. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.